Faifan da Aka Kai Ƙonni

"Ba ni dannawa," in ji Lubabatu.

Ta janye hannunta daga kan madannan kwamfutar ta ɗora a cinya. Yari, babban ɗan mai gidan, yana tsaye a bayan kujerarta, gumi na bin wuyan kaftaninsa, yana leƙen koren rubutun da ya tsaya cak a fuskar injin.

"Malama, mutumin Kano da bakinsa ya gaya mani. Duk inda ta tambaye ka, danna 'e' ka wuce. Mi ke da wuya ga wanga?"

"To ga kujera, ga madanni. Zo ka danna."

Bai matso ba. Ta san ba zai matso ba. Tun da aka kawo injin nan Illela, Yari bai taɓa yarda ya taɓa shi ba sai in komai na tafiya daidai kuma da baƙi a ofis.

Hantsi ne, amma bazara ta riga ta mai da ɗakin tanda. Janareto na ta ƙugi a bayan taga, fanka na juya iska mai zafi, warin albasa na shigowa daga sito. Gobe kasuwa. A waje manyan motoci sun fara jeruwa, kuma kowace sai da takardar kaya daga wannan ofis za ta ƙetare iyaka. Shekara guda da ɗoriya ke nan Lubabatu ke buga wa kamfanin Alhaji Maharazu waɗannan takardu, da Turanci, direbobi kuma su je can gaba jami'an Nijar su yi ta juya takardar suna cewa ba su gane ba. Shi ya sa aka aiki Yari Kano ya sayo sabuwar manhaja mai buga Turanci da Faransanci a takarda ɗaya. Jiya ya dawo da ɗan kwali cike da baƙaƙen fayafayai, kwafin hannu ne, babu lamba babu suna a jikin ko ɗaya.

A cikin injin akwai wata manhaja da aikinta shi ne shigar da sauran, kamar sarkin 'yan dako mai karɓar kaya ya kai kowane mazauninsa. Sai an fara sabunta ita kanta kafin sabon abu ya shiga. Nan aikin ya cije. Ta karɓi fayafayan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tsaya ta rubuto cewa akwai wani sashe nata da ba ta gani ba. A ƙasa ta ƙara da tambaya: a ci gaba a haka? In an ci gaba, za a goge tsohon tsarin.

Ana cikin haka Alhaji Maharazu ya ɗaga labule ya shigo, carbi a hannu. Dogo ne, ya manyanta, ba ya ɗaga murya, kuma bai saba maimaita magana ba. Lubabatu ta zame daga kujera ta gaishe shi.

"Lafiya, ɗiyata? Na ji kamar gardama."

"Baba, ta ƙi dannawa," in ji Yari.

"Ranka shi daɗe, kayan ba su cika ba," in ji ta. "Injin na neman wani sashe, babu shi. In na ce a ci gaba, zai share tsohon da muke aiki da shi, sabon kuma ba zai tashi ba. Mu wayi gari gobe babu na Turanci babu na Faransanci. Shawarata a fasa yau, a yi kasuwar gobe da tsohon, a aika Kano a kawo cikon."

Alhaji ya dubi injin kamar yadda yake duban raƙumin da ake son sayar masa.

"Shi injin ya ce ba a iya ci gaba?"

"Ya ce ana iyawa, amma..."

"To shi ya yarda, ke kin ƙi." Ya ɗan yi murmushi. "Na faɗi gaban jama'a a masallaci, gobe takardunmu da harshe biyu za su fito. Fatake sun ji, direbobi sun ji. Ban iya komawa in ce masu a dakata. Ki duba shi da kyau. In na dawo daga la'asar ina son in ga takarda."

Ya fita, Yari ya bi shi.

Lubabatu ta koma kujerarta. Gajiyar da take ji ba ta yau ba ce. A Sakkwato aka haife ta, gidan ma'aikata. Mahaifinta marigayi akawun kotu ne, yayyenta maza duk suna ofisoshin gwamnati. Da ta gama kwas ɗin kwamfuta a kwalejin fasaha, gida suka ce ta jira a samo mata teburin buga tafireta a sakatariya. Ta ce ba tafireta ta karanta ba. Da ta ji wani ɗan kasuwa a bakin iyaka ya sayi kwamfuta yana neman mai sarrafa ta, ta ɗaure akwatinta ta zo gidan Gwaggo Ummu, ƙanwar mahaifinta. Babban yayanta ya raka ta tasha yana cewa, "Kafin damina kin dawo." Damina ta zo ta wuce, ba ta koma ba. Ta jure a kira ta 'yar injin. Ta jure direbobi su leƙo taga suna kallonta kamar ita ma daga Kano aka sayo ta. Ita ke share ƙasar da ke shiga injin kowace safiya, ita ta ɗinka masa rigar atamfa, ita ke faɗa da mai kula da janareto kada ya kashe ba sanarwa. Ta sha roƙon a sayo mata fayafayai marasa komai ta kwafe tsohon tsarin ta ajiye saboda rana irin ta yau. Kullum amsar ɗaya ce: in an je Kano. An je Kano, an dawo, an manta.

Ta ce wa injin a'a, ya koma yadda yake. Sannan ta fara bincike.

Da farko ta zargi zafi, don kwalin ya sha rana a gaban mota tun daga Kano. Ta ɗaga kowane faifai ta karkata shi wajen haske tana duba ko ya lanƙwashe. Lafiyarsu lau. Ta zargi ramin da ake zura su, ta goge shi da auduga da ɗan sifirit, ta bari ya sha iska, ta sake farawa daga tushe, ta canza jerin da take sa su. Injin ya yi ta gurnani, ya karɓa, ya karɓa, ya zo daidai wurin ɗazu ya tsaya da maganarsa ta ɗazu. Ta kwafe sunan sashen da yake nema, ta buɗe cikin kowane faifai tana bin sunayen da ke ciki da yatsa, har idonta ya fara ruwa saboda koren hasken. Babu shi a ko ɗaya. Da a ce lalacewa ya yi, da ta ga sunansa ya ƙi buɗuwa. Wannan kuwa bai zo ba sam.

Ta leƙa ta kira Yari.

"Guda nawa anka ba ka a Kano?"

"Na ƙirga ne? Kwali anka miƙo mani a ɗaure."

"Wa ya kwance shi?"

"Malama, ni ba ɗan dako ba ne. Na kawo, na aje a zauren Baba. In kin kasa, ki ce kin kasa."

Bayan azahar ta fita ta zauna a inuwar dogon yaro da ke bayan ofis, da kwanon furar da Gwaggo ta aiko. Ba ta iya sha ba. Malam Lawwali, tsohon direban Alhaji, yana kwance a kan benci ya rufe fuska da hula. Ya ɗaga hular ya dube ta.

"'Yar boko, yau aljaninki ya ƙi magana?"

"Shina magana, Baba Lawwali. Mutane ne ba su ji."

"Af, ai mu ma haka muke da mota. Ta yi ta kuka ƙarƙashi, mai ita ya ce ƙara wuta." Ya tashi zaune ya miƙa hannu, ta ba shi furar. Ya kurɓa, ya goge gemu. "Ni dai abin ga ya ba ni mamaki. Baƙin abu kamar ƙosan da ya ƙone, sirit, amma Alhaji Maccido, aminin mai gida, da ya karɓa sai da ya miƙe tsaye. Tukuicin da ya ba ni, ko ranar da na kai masa rago ban samu irinsa ba."

Lubabatu ta juyo gaba ɗaya.

"Wane abu kaka kai masa?"

"Rabonsa mana. Faifan. Jiya da marece, Alhaji ya kwance kwalin, ya ga duk iri ɗaya ne, ya zare guda ya ce in kai Ƙonni, can ƙetaren iyaka."

"Alhaji Maccido na da kwamfuta?"

Malam Lawwali ya yi dariya har da tari. "Ko rediyo sai jikansa ya kama masa tasha. Ke kin san su kuwa? Tun suna samari suna jan jakai tsakanin nan da can, babu sabon abin da zai shiga gidan ɗaya bai cire wa ɗayan rabonsa ba. In bandir ɗin shadda ne a yanka, in turare ne a zuba a kwalba. Da anka rufe iyaka shekarun baya, Maccido ne ya riƙe masa kaya da yara a can har aka buɗe, ko allura ba ta ɓata ba. Yanzu abin zamani ya shigo gida, sai a ce Maccido bai gani ba?" Sai ya lura da fuskarta, dariyar ta tsaya. "Subhanallahi. Kar dai shi ne?"

"Shi ne."

"To ni ban faɗi komai ba. Fura kawai na sha."

Ta sami Alhaji a zaure, shi kaɗai, yana jan carbi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi bayani a hankali, tana zaɓar kalmomi. Ta ce fayafayan kama ce kawai suka yi, amma kowane da abin da ke cikinsa, kamar buhuna iri ɗaya, wani gero wani gishiri. Ta ce wanda aka kai Ƙonni shi ne injin ke nema. Ta ce aro kawai za a yi, a sa a injin, a mayar kafin magariba.

Alhaji bai katse ta ba. Da ta gama ya ci gaba da jan carbinsa.

"Ɗiyata, a makarantarku an koya maku aron kyauta?"

"A'a, ranka shi daɗe."

"To mu ma ba a koya muna ba. Abin da ya shiga gidan Maccido daga hannuna ba shi fitowa, ko da injin ga zai kama da wuta. Ɗaya ne cikin da yawa. In an zare tsinke ɗaya, tsintsiya ba ta fasa shara. Je ki danna."

"Ba ni dannawa, Alhaji."

Carbin ya tsaya.

"In na danna, injin zai mutu a hannuna, gobe motoci su kwana a nan, a ce 'yar injin ta kashe shi. Kuma ba don abin da za a ce kaɗai ba. Na san abin da zai faru, ba ni yin sa da sanina."

"Na ji ki," in ji shi. "La'asar dai na ce."

Ta koma ofis. A gaban akwatin injin akwai wani ɗan kulle mai zagayayyen makulli, wanda in an murɗa shi madannan ba sa amsawa ko an buga su da guduma. Ba ta taɓa amfani da shi ba. Ta murɗa, ta zare makullin, ta ƙulle shi a bakin gyalenta. Ta leƙa wurin Malam Lawwali, ya ɗaga hannu biyu sama tun ba ta yi magana ba.

"Ina da iyali, 'yar boko. Tayata ba ta taka hanyar Ƙonni yau."

Ta tafi tasha da ƙafa. Ta ratsa 'yan canji da ke zaune a kan tabarmi suna kiran sefa, sefa, ta ratsa 'yan kabu-kabu da ke ta murza babura suna mata tayi. Ta sami wata tsohuwar fijo ta shiga baya, tsakanin wata mata mai kwandon tattasai da wani dattijo rungume da buhun sabulu. Tafiyar ba nisa, tsaye-tsayen ne da yawa. A shingen wannan gefe aka sauke su, a na wancan gefe wani jandarman Nijar ya juya katinta ya tambayi abin da za ta yi a Ƙonni. Ta ce gaisuwa za ta. Duk tsawon hanyar tana jin makullin na bugun ƙirjinta, tana kuma tsara maganar da za ta faɗa, kowace ta tsara sai ta ji ba ta da kyau.

Gidan Alhaji Maccido ba ya ɓata, kowa ta tambaya sai ya nuna. Gajeren tsoho ne mai fara'a, yana zaune a falo da mutane uku suna shan shayi. Da ta faɗi daga inda take, fuskarsa ta washe.

"Ke ce ɗiyar da ke magana da injin! Maharazu ya ba ni labarinki. Ya ce kanki ya fi na maza goma. Zauna, zauna, a kawo mata ruwa."

Ta ga faifan tun kafin ta zauna. Yana cikin kabad mai gilashi, an jingine shi a jikin agogon Makka, tsakanin kofunan tangaran da kwalaben turare, an shimfiɗa masa ɗan farin ƙyalle. Ta gode Allah da kabad ɗin ba ya kallon taga.

Ta so a ce su biyu ne. Ta jira ko baƙin za su tashi, ba su da niyya, rana kuma tana karkata. Ta sunkuyar da kai ta faɗa. Ta ce kuskure aka yi wajen rarrabewa, ta ce injin ya tsaya saboda wannan guda, ta ce aro take roƙo na ɗan lokaci, da hannunta za ta dawo da shi yau ɗin nan.

Ɗaya daga baƙin ya ajiye kofinsa a hankali.

"Maharazu ne ya aiko ki?" in ji Alhaji Maccido.

"A'a, Baba. Hana ni ya yi. Ya ce ko injin zai ƙone ba a taɓa abin da ya ba ka. Ni na zo da ƙafata."

Tsohon ya dube ta, ya dubi kabad ɗin. Fara'ar ba ta bar fuskarsa ba, amma ta canza.

"Ashe abin aiki ne. Ni na ɗauka na kallo ne." Ya yi 'yar dariya, baƙin suka taya shi kaɗan. "Tun jiya nake nuna wa mutane. Ashe na riƙe wa ɗan'uwana ƙafar doki shina can shina ɗingishi, kuma ya kasa gaya mani."

Ya tashi da kansa ya buɗe kabad ɗin, ya naɗe faifan a cikin farin ƙyallen, ya miƙa mata da hannu biyu.

"In sha Allahu kafin magariba zan..."

"A'a, ɗiyata. Ba a kai abu a dawo da shi a sake kaiwa, sai ka ce amaryar da ta yi yaji. Ya koma inda ake bukatarsa. Ki gaishe shi."

Da ta fito, ɗaya daga baƙin nan ya riga ta fita. Ta hango shi ya hau babur ya nufi hanyar iyaka. Fijon da ta samu kuwa sai da ta jira ta cika.

An daɗe da sallame la'asar lokacin da ta iso. Ofishin babu kowa, janareto na ta aikinsa. A jikin kullen ta ga 'yan ƙarce-ƙarce, alamar wani ya gwada shi da tsinken ƙarfe ya gaji. Ta wanke hannu, ta bari ya bushe, ta murɗa makullin, ta fara daga farko. Injin ya karɓi na ɗaya, ya karɓi na biyu. Da ya zo wurin da yake tsayawa, ta kwance farin ƙyallen, ƙamshin turaren kabad ya tashi, ta zura faifan. Ya yi gurnani, ya yi shiru. Sai rubutu ya fara gangarowa layi bayan layi, bai sake tambayar komai ba.

Ta shigar da bayanin motar farko da ke layi, ta albasa mai zuwa arewa. Injin buga takarda ya ɗauki ƙararsa mai kama da yagar ƙyalle. Takardar ta fito, Turanci a hagu, Faransanci a dama. Ta riƙe ta tana kallo. Ta yi zaton za ta ji daɗi, amma bayanta kawai ta ji yana ciwo.

Ƙarar ce ta kira su. Yari ya fara shigowa, sai Alhaji, sai Malam Lawwali da ya tsaya daga bakin ƙofa. Ta miƙa takardar. Alhaji ya karɓa, ya duba gefen da ba ya iya karantawa da ɗayan da shi ma ba ya iya karantawa, ya ba Yari.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Aikinki ya yi kyau. Ban taɓa cewa ba ki iya ba."

"Na gode, ranka shi daɗe."

"Labari ya riga ki isowa. An ce a gaban baƙi." Ya dubi farin ƙyallen da ke kan tebur, ya gane shi, ya kau da kai. "Tun ba a haifi ubanki ba nake tare da mutumin nan. Ban taɓa miƙa masa abu na janye ba. Yau a Ƙonni ana cewa Maharazu ya aika mace ta ƙwato kyauta."

"Na gaya masa ba kai ka aiko ni ba."

"Wannan ya fi muni. An ce Maharazu ya hana, an taka." Muryarsa ba ta tashi ba. "Da injin ya mutu, da na aika Kano an tashe shi, in biya, a yi mani dariyar kasuwa ɗaya. Wanga kuwa ban san inda ake gyara shi ba."

Ba za ta ce ta yi nadama ba, don ba ta yi ba, shi ma kuma bai nema ba.

"Yari ya iya sabon?" in ji Alhaji.

"Ya fi tsohon sauƙi. In na nuna masa yanzu, zai iya fitar da na gobe."

"To nuna masa. Haƙƙinki na wata zai iske ki gidan Ummu, da na wata mai zuwa. Allah shi yi maki albarka." Ya juya, ya tsaya a bakin labule. "Lawwali, da safe ka fito da mota. Ƙonni za mu."

"Ranar kasuwa, Alhaji?"

"Ranar kasuwa."

Ta zaunar da Yari a kujerarta. Ta nuna masa inda ake sa sunan direba, inda ake sa lambar mota, inda ake sa irin kaya. Yana dannawa da yatsa ɗaya. Ya fitar da takarda ta biyu a karkace, ta uku ta fito daidai. Ta gaya masa kada ya bar fayafayan a rana ko kusa da rediyo, kada a kashe janareto injin na kunne, ya riƙa share ramin da auduga.

"Malama," in ji shi, bai dube ta ba, "in ya sake tambayar wani abu fa?"

"Ka karanta abin da ya ce kafin ka amsa."

Ta ɗauko rigar atamfar da ta ɗinka wa injin ta ninke ta ajiye masa a gefe. Ta zare ɗan makullin, ta juya shi a tafin hannunta, ta ɗora a kan farin ƙyallen.

A waje rana ta yi ja, zafin bai sauka ba. Direbobi na kwance a ƙarƙashin motocinsu, wani ya ɗago ya ce, "'Yar injin, an ce gobe har da Faransanci?" Ta ce har da shi. Malam Lawwali ya biyo ta 'yan taku, ya ce ta gaida Gwaggo.

Gwaggo Ummu na tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi fuskarta, ta dubi jakar da ta kwaso 'yan kayanta na ofis a ciki, ta ajiye rariya.

"Injin ya lalace?"

"Injin lafiya lau, Gwaggo. Bai taɓa yin lafiya irin ta yau ba." Lubabatu ta zauna a bakin tabarma ta cire takalmi, ƙafafunta sun yi futu-futu da ƙasar garuruwa biyu. "Ni ce dai babu aiki. Kuma kwamfutar ke nan guda a garin nan. Jibi zan koma Sakkwato, Yaya ya ce ai ya faɗa."

Gwaggo ta tura mata butar ruwa da ƙafa, ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.